Alayyahun Jos a bayan ɗakin Gwaggo: sai a shuka ta uku aka ci miya

Mai lambun da wurin

Gwaggona ce, ƙanwar babanmu, tsohuwar nas da ta yi ritaya, tana zaune a wata unguwa ta bayan gari a Kano. Sun daɗe a Jos ita da marigayi maigidanta kafin su tattaro su dawo gida bayan rikicin 2001, kuma cikin abubuwan da har gobe take kewa akwai wani ganye da take saya a kasuwar Farin Gada, mai faɗi ya fi tafin hannu biyu, yana sheƙi, da farin kara mai kauri a tsakiyarsa. Masu sayarwa can sifinach suke ce masa, ita kuma ta raɗa masa alayyahun Jos, kuma da wannan sunan zan riƙa kiransa. A jikin ledar iri Swiss chard ake rubutawa, duk da dai ba daga Suwizalan ya fito ba, asalinsa ƙasashen bakin tekun Bahar Rum ne, Larabawa na ce masa silƙ. Shi da bitrut ɗin nan ja da ake yankawa a salak jinsi ɗaya ne, wancan an rene shi ne don kansa na ƙasa, wannan kuma don ganyensa.

Bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kowa ya san yadda cefane ya koma, ga ta da hawan jini likita yana ta cewa ta yawaita cin ganye, sai ta ce to ita kam za ta shuka nata.

Wurin wani lungu ne tsakanin bayan ɗakinta da katanga, faɗinsa mita ɗaya da ɗoriya, tsawo wajen mita 5. Rana na dukansa tun safe har zuwa azahar, daga nan inuwar katanga ta rufe shi. Ƙasar a daddanne take, cike da ɓaraguzan bulo tun na lokacin gini, kuma indararon ɗakin a nan yake zuba, wannan ku riƙe shi za mu dawo kansa. Ruwa wajen 'yan garuwa take saya. Akwai kaji huɗu a gidan.

Ni kuma an sako ni ciki ne saboda na yi difloma a fannin noma, alhali gaskiya rabona da fartanya tun ina makaranta, waya nake sayarwa. Kwanakin da zan kawo duk daga littafinta na ciro su, ɗan littafin da take rubuta awon jininta kowace safiya, a bayansa ta buɗe shafi ta rubuta "lambu". Halin nas ba ya barin mutum.

Shuka ta farko, 22 ga Yulin 2023

Wani direba ɗan unguwar mai zuwa Jos ne ya kawo mata leda ɗaya, nau'in Fordhook Giant, wato mai farin kara. Ƙwayar irin kamar masoro take amma mai kaushi, ruwan ƙasa. Gwaggo ta sassabe wurin, ta ɗan kafta sama-sama, ta ɗebi kusan rabin ledar ta watsa yadda ake watsa alayyahu, ta ja ƙasa da hannu ta rufe. Ba ta nemi shawarar kowa ba, ai damina ce, me ka jefa a ƙasa bai fito ba?

Ya kuwa fito. Kwana 7 wurin ya yi kore shar kamar an shimfiɗa darduma, ta kira ni a waya tana cewa ɗan nan zo ka ga ikon Allah.

Shiga Agusta aka yi ruwa kwana uku a jere, indararo yana ta kwarara a tsakiyar shukar, ruwa ya kwanta ba hanyar fita. Ranar 6 ga wata na je, na tsuguna na ɗago ɗaya daga cikin waɗanda suka kwanta, ganyen lafiya lau amma gindin daidai inda ya taɓa ƙasa ya tsuke ya yi baƙi ya zama kamar zaren ɗinki. Haka suka riƙa zubewa layi-layi, yau nan gobe can. Wannan ruɓewar gindi ce da ke kama ƙananan tsiro in sun cunkushe a ƙasa mai jiƙe da ɗumi. Cikin mako ɗaya abin da ya rage bai fi talatin ba.

Su ma talatin ɗin ba su huta ba. Ɗige-ɗige suka fara fitowa a ganyen, zagayayyu, tsakiyarsu toka-toka bakinsu ja-ja, in sun yi yawa sai su haɗe ganyen ya bushe. Sai kuma koriyar tsutsar nan ta alayyahu mai naɗe ganye da yana ta shige ciki, ta tsallako daga alayyahun da ya fito da kansa a gindin katanga.

Abin da aka gwada: toka da sassafe, kwana biyar a jere, ruwan sama na wanke ta. Ruwan ganyen darbejiya da aka daka aka jiƙa ya kwana, sau biyu, tsutsar ta ɗan ja baya. Daga nan wani maƙwabci ya ɗiba mata maganin feshin wake a robar lemo, ba takarda ba awo, ta fesa. Tsutsa kam ta mutu amma ɗige-ɗigen ko gezau, don su ba ƙwaro ba ne, cuta ce irin ta fumfuna da feshin ruwan sama ke ɗauka daga ƙasa da tsohon ganye ya kai kan sabo. Ga shi kuma yanzu ba mai iya cin ganyen tunda ba wanda ya san me aka fesa.

Ranar 29 ga Agusta ta tumɓuke bakwai ɗin da suka rage ta zubar. Alayyahun da ba wanda ya shuka kuwa ya kai ƙugu. Ita ta ce irin ne ba shi da kyau, ni na ce ƙasar ce.

Shuka ta biyu, 9 ga Satumba

Wannan tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba. Na ce mata Gwaggo a bar ƙasar nan a koma buhu, na samo buhunan shinkafa shida, na je wani gidan kaji na ɗebo kashin kaji sabo fil, ranar aka kwashe shi, na cakuɗa rabi ƙasa rabi taki don a ganina yawan taki shi ne yawan ganye. Tun wajen cakuɗawa warin yake hawa ido kamar tsohon fitsari, ta ce anya ɗan nan? na ce ai ƙarfinsa ke nan. Washegari muka shuka mafi yawan ragowar irin.

Kwana uku da shuka na tura hannu cikin buhu ɗaya, ɗumi sosai kamar tuwon da aka rufe. Takin yana kan dahuwa ne, mu kuma mun binne iri a ciki. Kaɗan ne suka fito, waɗanda suka fito ɗin bakin ganyensu ya ƙone ya yi rawaya, suka tsaya cak. Ragowar aikin ƙadangaru suka ƙarasa shi, su zo da hantsi su tsinke kan tsiron su bar ɗan sanda a tsaye, kaji kuma suka gano akwai tsutsa a takin suka tone buhu biyu tas. Mako biyu tsiro 5, mako uku babu ko ɗaya.

Don a raba gardamar iri na ɗebi ƙwaya 20 na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma na sa a leda na ajiye a inuwa. Bayan kwana 10 guda 7 ne suka tsaga. Ashe tun Yuli ledar a buɗe take a tagar kicin, ta sha danshin damina ta sha zafin murhu. Irin da ya fito kamar darduma a Yuli ya lalace cikin wata biyu a hannunmu. Kenan a shuka ta biyu matsala uku ce ta haɗu lokaci guda, ɗanyen taki da mataccen iri da dabbobi.

Oktoba, ba a shuka komai ba

Gwaggo ta yi fushi ta ce ta haƙura. Wanda ya dawo da ita wani dattijo ne mai kawo latas da lansir da karas bakin kasuwar unguwar, tsohon manomin rani. Ta ba shi labari tana nuna masa hoton ledar a waya, ya ce bai taɓa shuka wannan ba, amma Hajiya duk kayan da kika ga yana zuwa daga Jos, su kabeji su latas su karas, mu nan ba ma taɓa su sai iska ta juya. Ya ce ta jira sai ta fara neman mayafi da asuba.

Maganarsa ta zauna daidai. Jos tana kan tudu wajen mita 1,200 sama da teku, Kano kuwa ba ta kai 500 ba, sanyin da suke samu kusan duk shekara mu sai hunturu muke ganinsa. Shi kuma ganyen nan ya fi sakewa in yanayi na tsakanin digiri 10 zuwa 25.

Sai muka yi amfani da watan wajen shiri. Aka sa wa indararo guntun fayif ya riƙa zuba a wani tsohon duro. Muka haƙe wurin zurfin taƙi ɗaya da rabi, muka fitar da ɓaraguzai kusan baro biyu, muka ɗaga fangali mai mita 4 a tsawo mita 1 a faɗi, ya fi ƙasa tudu da kamar santimita 15. Takin kajin da ya ƙona mu muka juye daga buhunan muka tara a kusurwa, muka haɗa da kashin awaki da busasshiyar ciyawa, ana yayyafa ruwa ana juyawa duk Asabar. Zuwa ƙarshen wata ya yi baƙi, ya huce, warinsa ya koma na ƙasar da aka yi wa ruwan farko. Haɗin da muka yi na buhu: ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, buntun shinkafa da yashi kashi ɗaya. Buhu goma, kowanne an naɗe bakinsa an huda gindinsa wuri shida-bakwai. Ta fito da tsofaffin gidan sauro biyu da ta wanke ta shanya, muka kafa ƙarare muka yi musu rumfa. Direban ya sake kawo sabuwar leda, wannan karon ta juye irin a kwalba mai murfi ta ajiye a gindin randa.

Shuka ta uku, 4 ga Nuwamba

Mun jiƙa irin ya kwana. Fangalin muka ja layi uku, rami da rami taƙi ɗaya da 'yan yatsu, wato kamar santimita 30, zurfi gaɓar yatsa ɗaya, ƙwaya biyu kowane rami. Rami 36 a fangali, buhu kuma rami bibbiyu. Ban ruwa da gwangwanin madara da aka huda da ƙusa, safe da yamma, a hankali don kar ya tone irin.

Kwana 6 suka fara leƙowa, kwana 10 rami 33 cikin 36 sun fito, ukun muka cike da dashe daga baya. Ba wanda ya kwanta. Ƙadangaru sai dai su hau kan gidan sauron su yi ta gyaɗa kai.

Abin da ya ba Gwaggo mamaki shi ne ƙwaya biyu muka sa amma rami ɗaya sai ka ga tsiro huɗu, biyar, har shida. Ta ce ko jikokinta ne suka ƙara a ɓoye. Ba kowa, abin da muke kira ƙwaya ɗaya ɗin nan dunƙule ne, busasshen ɗan itace ne mai 'ya'ya biyu zuwa biyar a ciki, haka na bitrut ma yake. A nan ne na gane irin cunkoson da aka yi a Yuli, rabin leda a wuri ɗaya kowace ƙwaya kuma ta haifi uku.

25 ga Nuwamba, rigimar rage tsiro

Mako uku, kowane tsiro ya yi ganye huɗu. Na zo da almakashi na ce Gwaggo yau za mu rage, a bar ɗaya mai ƙarfi a kowane rami. Ta tare ni a bakin lungun.

Ta ce ɗan nan kana da hankali kuwa? Wata huɗu ina neman abu ya fito, yanzu ya fito ka ce a kashe?

Na yi bayani har na gaji, ta ce ai alayyahu a cunkushe yake girma kuma ba wanda ya taɓa mutuwa. Ta kuma tuna min maganar takin kaji, wanda dama na san sai ta tuna. Ƙarshe muka raba fangalin biyu da igiya, rami 18 na gabas nawa in rage, 18 na yamma nata a bar su yadda Allah ya fito da su. Buhunan ta yarda a rage duka tunda dama ni na kawo su. Da almakashi na riƙa datsewa daidai ƙasa maimakon fizgewa, don saiwoyinsu a sarƙe suke, in ka ja ɗaya sai ka girgiza wanda kake so ka bari. Abin da na datse ya cika ƙaramin kwano, ta wanke ta zuba a faten wake da daddare, shi ne ɗanɗanon farko bayan wata huɗu.

Mako biyu bayan nan ko daga bakin lungu kana ganin inda igiyar take. Na gabas sun buɗe sun yi faɗi karansu ya fara kauri, na yamma sun yi tsawo sirara suna rige-rigen neman rana, ganyen bai wuce na alayyahu ba. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Disamba zuwa Fabrairu, girbi

Kafin girbi an ɗan sha fama da abu biyu. Tsakiyar Disamba muka ɗage gidan sauron don shukar ta fi ƙarfinsa, sai ga wasu fararen zane a ganye kamar an yi rubutu da alli, wata 'yar tsutsa ce ke shiga tsakanin fatar ganyen tana ci tana tafiya. Feshi ba ya isa inda take. In ka ɗaga ganyen a rana za ka hango ta a ƙarshen zanen, sai ka matse da yatsa, wanda ya ɓaci sosai a cire a kai shara can nesa. Gwaggo ta mai da shi aikin bayan sallar asuba, cikin kwana goma abin ya lafa. Na biyu darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye, a bayan ganyen yankin yamma inda iska ba ta ratsawa, ruwan darbejiya da ɗan sabulun wanki sau biyu a mako ya isar. Ɗige-ɗigen Agusta kuwa ba mu sake ganinsu ba sai jefi-jefi a tsohon ganye, mun kuma daina zuba ruwa ta sama, a gindi kawai.

Ranar 30 ga Disamba, kwana 56 da shuka, aka yi yankan farko. Kafin in iso ta riga ta tumɓuke uku daga buhu da saiwarsu, ta ɗaure kamar damin alayyahun kasuwa. Na ce Gwaggo wannan ai kin yanka kazar da ke ƙwai. Shi daga tsakiya yake fito da sabon ganye, na waje su ne manya, su ake cira biyu ko uku daga kowane gindi, a kama karan can ƙasa a murɗa ko a sa wuƙa, a bar na tsakiyar aƙalla huɗu-biyar. Bayan mako ɗaya ka dawo ka tarar wasu sun maye gurbi.

Tana da ɗan sikelin kicin, ta riƙa aunawa duk Asabar. A watan Janairu yankin gabas yana ba da kilo ɗaya da rabi a mako, wani makon ya ɗan haura. Yankin yamma mai ninkin yawan tsiro sau huɗu bai taɓa kai kilo ɗaya ba, yawanci giram 700 zuwa 800, ga wahalar tsinka da wanki don ƙanana ne. Buhunan, gindi 17 da suka rage, wajen kilo ɗaya. Gida mai mutum shida wannan ya fi ƙarfin tukunya, har maƙwabta aka riƙa aika wa. Ranar 13 ga Janairu na zo na tarar ta rage yankin yamma da kanta, ba ta ce min komai ba, a littafin kawai ta rubuta "na cire na banza". Sun ɗan farfaɗo amma ba su taɓa kamo na gabas ba.

Ruwa jarka biyu ta lita 25 a rana ta wadatar da komai a lokacin sanyi. Duk mako uku ana barbaɗa ruɓaɓɓen taki cikin tafin hannu a kewayen kowane gindi, don abin da ake yanka duk mako dole a riƙa mayar masa. Ƙurar hunturu tana kwanciya a lunguna na ganyen tunda a cukurkuɗe yake, sai an wanke sau uku in ba haka ba ka ji ƙasa a haƙori.

Wajen girki ma sai da aka koya. Ranar farko ta yanka kara da ganye tare ta zuba a miyar agushi kamar alayyahu, ganyen ya narke ya saki ruwa miya ta tsinke karan kuma yana garas-garas, jikoki suka ce ƙanshin ƙasa yake. Daga baya ta riƙa zare karan ta yanka ƙanana ta soya tare da albasa tun farko, ganyen kuma sai an kusa saukewa, minti uku zuwa biyar. A miyar taushe da faten tsaki ya shige ba wanda ya ce uffan. Kwaɗo kuwa sai an ɗan tafasa an matse an zubar da ruwan, don yana da sinadarin nan mai sa baki ya yi bauri, wanda masu tsakuwar ƙoda ake ce musu su yi hattara da shi. Ita da kanta ta hana wata ƙawarta mai shan maganin tsinka jini ta ɗibi da yawa sai ta tambayi likitanta, saboda yawan bitamin K ɗin da ke ciki.

Maris zuwa Mayun 2024, zafi

Ƙarshen Fabrairu iska ta tsaya, rana ta fara cizo. Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, kuma duk wanda ya yi azumin 2024 a Arewa ya san me ake nufi da zafi, Afrilu tana haura digiri 40. Da hantsi ganyen sai ya yi laushi ya kwanta kamar tsumma, da yamma ya miƙe. Ruwa ya koma jarka huɗu, 'yan garuwa kuma sun ƙara kuɗi.

Abin da aka yi: an rufe ƙasar fangalin da busasshiyar ciyawa kauri kamar yatsu uku, an mayar da gidan sauron sama ninki biyu ya zama rumfa, ban ruwa ya koma bayan sahur da kuma bayan la'asar. Buhunan ne suka fara sallamawa, rana na dukan jikinsu ta kowane gefe ƙasar ciki ta yi zafi ta bushe kafin azahar, ganyen ya ƙanƙance ya yi ɗaci-ɗaci. Mun ja su gindin katanga mun jera su manne da juna, ya ɗan taimaka, amma kafin ƙaramar sallah ranar 10 ga Afrilu buhu bakwai sun tafi, sai ta daina ɓata musu ruwa.

Fangalin ya jure. Yankin gabas ya sauko zuwa giram 600 a mako a Afrilu, ganyen ya fi na Janairu tauri, amma ana ci. Yankan ƙarshe da ta rubuta 11 ga Mayu ne. Daga 30 ga Disamba zuwa ranar mako 19 kenan ana cin shuka ɗaya. Da muka tone gindin ɗaya saiwar ta yi kauri kamar ƙaramin rogo ta nutse fiye da taƙi biyu, abin da buhu ba zai taɓa ba ta ba.

Abin da na fahimta

A ganina sunan da Gwaggo ta ba shi ne ya fara yaudararmu. Gaskiya ne masana sun sa shi dangi ɗaya da alayyahu, shi ya sa ma tsutsarsu ɗaya, amma halinsu ya sha bamban. Alayyahu ɗan zafi ne ɗan damina, a watsa shi a cunkushe, mako huɗu a tumɓuke a sake watsa wani. Wannan kuwa sanyi yake so da busasshiyar iska, kowane gindi da filinsa, a yi ta tsinka wata da watanni. Duk inda Gwaggo ta yi asara, lokacin shuka ne, watsawa ce, ƙin ragewa ne, tumɓukewa ce, har zuwa tukunya, hannunta ne ya yi abin da ya saba yi wa alayyahu.

In za a jera su bisa nauyi, lokaci ne kan gaba da nisa. Ko da mun gyara indararo mun ɗaga fangali a Yuli, ɗumi da danshin Agusta za su kawo ɗige-ɗigen nan, sai dai a rage ɓarna. Na biyu ragewa, wannan kam sikeli ya yi magana, ƙasa ɗaya ruwa ɗaya iri ɗaya, igiya ce kawai a tsakani. Gidan sauro a makonni shidan farko shi ne na uku. Maganar iri ba shi da kyau da ta yi a Agusta ba haka ba ne a lokacin, ajiyarmu ce ta mai da shi haka. Maganata ta ƙasa ita ma rabin gaskiya ce, ƙasar ta buƙaci gyara amma abin da na kawo a madadinta ya fi ta muni. Buhu kuwa yana da amfani ga wanda tsakar gidansa siminti ne, amma ya sa a ransa kakarsa za ta ƙare da wuri. Da mun shuka tun tsakiyar Oktoba ina ga da mun ƙara mako biyu-uku na girbi mai kyau kafin zafi.

Abu ɗaya ne har ƙarshe ba ta yarda da ni ba. Ta bar gindi uku ba ta taɓa su wai su yi mata iri kamar yadda alayyahu ke fitar da kai. Na ce mata wannan sai ya ratsa sanyi mai tsanani na tsawon makonni kafin ya yi fure a shekararsa ta biyu, sanyin Kano da wuya ya kai shi can. Ta ci gaba da ba su ruwa har aka yi ruwan farko, suka yi ta ganye ba kai, a Yuli ɗige-ɗigen suka dawo suka cinye su. Kwalbar irin tana nan a gindin randa, da saura fiye da rabi, ta liƙa mata filasta ta rubuta "Oktoba 15".